Na sauya faifan ajiya, Office ya ɓace: shin sai na sake sayen lasisi?

Akawun Makaranta:

Assalamu alaikum. Faifan ajiyar kwamfutata ya fara wata ƙara yana daskarewa, har ta kai ga kwamfutar ba ta tashi, sai mai gyara ya cire shi ya saka sabon faifan ajiya irin na SSD, ya ɗora Windows 11 daga farko. Windows ya kunnu da kansa ba tare da an nemi wata lamba ba, amma Office, wato manhajar su Word da Excel, babu shi ko sama ko ƙasa. Wanda nake amfani da shi Office Home and Business 2021 ne, na saye shi tare da kwamfutar, mai shagon ne ya ɗora mini, kuma katin lambobin da aka ba ni na neme shi ban gani ba. Mai gyaran ya ce zai iya saka mini wani Office kyauta wanda zai yi aiki kamar na asali, amma hankalina bai kwanta ba, domin takardun albashi da sakamakon ɗalibai nake aiki da su. Shin lasisin ya tafi tare da tsohon faifan ne? Faifan yana hannuna har yanzu, ko akwai hanyar ciro lambar daga cikinsa?

Mai Gyaran Kwamfuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Lasisinka bai tafi ko'ina ba, domin tun farko ba a cikin faifan yake zaune ba. Daga Office 2013 zuwa yau, lambar nan mai haruffa da alƙaluma 25 da ke jikin kati sau ɗaya ake buƙatarta, wato ranar da za a ɗaura ta a kan asusun Microsoft. Daga wannan rana asusun ne yake riƙe da lasisin, katin kuwa ya gama aikinsa, ko yana nan ko ya ɓata. Abin da za ka yi shi ne ka shiga account.microsoft.com da imel ɗin da aka yi rajistar da shi, ka buɗe sashen da ke nuna abubuwan da ka saya, za ka ga sunan Office ɗinka da maɓallin saukewa a gefensa. Idan ya gama sauka ka buɗe Word, ka shiga da wannan asusu, sai ya tabbatar da kansa.

Irin naka na kwamfuta ɗaya ne, kuma kwamfutar ba ta canja ba, faifai kawai aka sauya, saboda haka kana cikin haƙƙinka. Idan ya nuna maka cewa an kai iyakar adadin kunnawa, ka tuntuɓi sashen taimako na Microsoft ta shafinsu ka bayyana musu cewa faifai aka sauya.

Dalilin da ya sa Windows bai wahalar da kai ba shi ne lasisinsa yana ɗaure da jikin na'urar, musamman uwar allon kwamfutar, kuma tun zamanin Windows 8 kamfanonin ƙera kwamfuta suke dasa lambar a cikin allon. Office ba haka yake ba, mutum yake bi, ba ƙarfe ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar da ka yi cewa mai shago ne ya ɗora maka. Da wane imel ya yi rajistar? Idan naka ne, an gama magana. Idan ya buɗe maka sabo a ranar, sai ka nemo shi. Idan kuwa nasa ya yi amfani da shi, to a wurin Microsoft shi ne mai lasisin, kuma ba a cire lasisi daga wani asusu a mayar da shi wani, sai dai ka koma wurinsa da rasit ɗinka ku daidaita. Ka gwada duk adiresoshin imel da ka taɓa mallaka ɗaya bayan ɗaya kafin ka yanke hukunci.

Mai Kula da Na'urorin Ofis:

Na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai ina so in yi magana a kan tayin Office na kyauta da mai gyaran da ya sauya maka faifai ya yi maka, domin na ga ɓarnarsa a kwamfutoci da dama. Abin da yawanci suke sakawa shi ne Office Professional Plus, wanda na kamfanoni da hukumomi ne masu sayen lasisi da yawa a lokaci guda. Irin wannan yana karɓar izini daga wata uwar garke, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran hidima, ta cikin ma'aikatar, a tsarin da ake kira KMS, kuma izinin na kwana 180 ne, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Masu fasa manhaja sai su saka wata 'yar manhaja da ke kwaikwayon wannan uwar garke a cikin kwamfutarka, kuma kafin ta shiga sai an kashe rigakafin ƙwayoyin cuta na kwamfutar, domin da ya gan ta zai kama ta. Ke nan an buɗe ƙofa ga wani abu da ba ka san wanda ya rubuta shi ba, an ba shi cikakken iko a na'urar da ke ɗauke da albashin mutane. Ban da haka, idan aka saka shi sannan ka zo ɗora naka na halak, sau da yawa sai ya ƙi shiga har sai an goge na farkon sarai.

Game da ciro lamba daga tsohon faifai, kada ka ɓata lokacinka. Manhajojin da ke tono lambar lasisi sun yi aiki a kan Office 2010 da na gabaninsa, amma sababbin ba sa ajiye cikakkiyar lambar a kwamfuta, haruffa biyar na ƙarshe kawai ake iya gani, kuma biyar ɗin ba za su kunna maka komai ba.

Kafin ka warware matsalar, aiki ba sai ya tsaya ba. Word da Excel na cikin burauza kyauta ne ga duk mai asusun Microsoft, LibreOffice ma kyauta ne kuma yana buɗe fayilolin Word da Excel, wato docx da xlsx, ko da yake takarda mai tarin jadawali takan ɗan sauya fasali. Ka kuma sani cewa ranar da Microsoft ya tsayar don daina tallafa wa Office 2021 ita ce 13 ga Oktoba 2026, kamar yadda na 2016 da na 2019 suka ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Manhajar ba ta daina aiki a ranar, gyare-gyaren tsaro ne suke yankewa.

Akawun Makaranta:

Allah ya saka muku da alheri. Na dubo rasit ɗin kwamfutar, sai na tarar a bayansa mai shagon ya rubuta wani adireshin imel da kalmar sirri da biro, ashe asusu ya buɗe mini a ranar. Na shiga, na ga Office ɗin, na sauke shi, ya kuma kunnu. Sai dai Outlook ya buɗe fayau babu tsofaffin wasiƙuna, Word kuma ya koma ja wa kowace kalmar Hausa jan layi a ƙasa, alhali a da na koya masa su da yawa.

Mai Kula da Na'urorin Ofis:

Madalla, Malam. Abu na farko, tun da wani ya san kalmar sirrin nan, ka canja ta yau, ka kuma duba lambar waya da imel na farfaɗo da asusun ka tabbatar naka ne a ciki, domin wanda yake riƙe da su shi ne zai iya karɓe asusun.

Asusun Microsoft lasisi kawai ya dawo maka da shi, abin da ka tara a cikin manhajar yana tsohon faifan. Batun wasiƙu ya danganta da yadda aka haɗa akwatin imel ɗinka da Outlook. Idan ta IMAP ko Exchange ne, wasiƙun suna wurin mai ba ka imel, da ka sake saka adireshin za su sauko da kansu. Idan ta POP ne, mai yiwuwa kwafinsu ɗaya tilo yana cikin fayil mai ƙarewa da pst, wanda galibi yake cikin jakar Outlook Files a ƙarƙashin Documents. Ka samo akwatin da ake saka faifai a jona shi ta USB, ka haɗa tsohon da kwamfutar, ka fara kwafo wannan fayil kafin komai, domin faifan da ya fara ƙara ba a san sa'ar da zai tsaya ba, kuma kowane kunnawa yana rage masa kwana. Idan ka ji yana ƙas-ƙas bai bayyana a kwamfutar ba, ka cire shi nan take ka kai wa masu ceto bayanai, kada ka yi ta maimaitawa.

Mai yiwuwa ya nemi lamba mai alƙaluma 48 kafin ya buɗe, wato an kulle shi da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Wannan lambar takan kasance a asusun Microsoft da aka shiga tsohon Windows da shi, a sashen na'urori, saboda haka ka fara duba wanda ka gano a bayan rasit.

Kalmomin da ka koya wa Word mai yiwuwa suna cikin jakar UProof, a wani ƙaramin fayil mai suna CUSTOM.DIC. Tsarin shafi da irin rubutun da ka saba farawa da su suna cikin Normal.dotm a jakar Templates, sa hannun da ke ƙasan wasiƙunka kuma yana jakar Signatures. Duka ukun suna ƙarƙashin AppData, sannan Roaming, sannan Microsoft, a cikin jakar sunanka, kuma AppData ɓoyayyiya ce, sai ka umarci Windows ya nuna ɓoyayyun abubuwa kafin ka gan ta. Ka rufe Word da Outlook, ka kwafo su zuwa wurare masu irin sunayen a sabon faifan, sannan ka buɗe fayil ɗin pst daga cikin Outlook na asali da ya zo tare da Office ɗinka, ba sabon da ke zuwa tare da Windows 11 ba.