Neman kalma: me za mu kira "expansion draft" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ina rubuta labarin kakar farko ta ƙungiyar hoki ta Vegas Golden Knights, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙoshi. Na kawo ta nan mu yi mata suna tare.

Sunan wasan ba shi da wahala. Hoki dai ƙwallon gora ne, wannan kuwa a kan ƙanƙara ake yin sa, saboda haka ƙwallon gora na ƙanƙara ya wadatar. Abin da ake bugawa ma ba ƙwallo ba ne, ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Ni "faifai" nake ce masa.

Ga inda gizo ke saƙar. A 2017 gasar NHL ta Amurka da Kanada tana da ƙungiyoyi 30, sai aka ƙara ta 31 a birnin Las Vegas, tsakiyar hamadar Nevada. Mai ƙungiyar, Bill Foley, da abokan hulɗarsa sun biya dala miliyan 500 kuɗin shiga. To an samu filin wasa, an samu koci Gerard Gallant, amma ina 'yan wasa? Sai aka ce kowace tsohuwar ƙungiya ta ware waɗanda ba za a taɓa mata ba, mutum 11 ko 9 gwargwadon tsarin da ta zaɓa. Daga sauran da suka cancanta, Vegas ta ɗauki mutum ɗaya a kowace ƙungiya. Ranar 21 ga Yuni 2017 aka sanar da sunaye 30. Wannan tsari shi Turawa ke kira expansion draft.

Da farko na rubuta "zaɓen faɗaɗawa". Da na karanta da babbar murya, kunnena ya ƙi shi. Bahaushe in ya ji zaɓe, akwati da ƙuri'a yake gani, kuma ba wanda zai gane me ake faɗaɗawa.

Sai na yi tunanin "kala", wato tsintar abin da ya rage a gona bayan girbi. Ta kusa, amma na ajiye ta saboda dalili biyu. A rubuce tana rikicewa da kala ta launi. Babban dalilin kuma, zalunci ne a kira waɗannan mutane ragowar gona. Mai tsaron raga Marc-André Fleury ya ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, sau uku da ƙungiyar Pittsburgh, a 2009 da 2016 da 2017. An bar shi a waje ne don doka ta ce mai tsaron raga ɗaya za a kare, su kuma suka riƙe matashi Matt Murray. Wannan ai ba kala ba ne, dami ne guda.

Abin da zuciyata ta kwanta da shi shi ne karo-karo. Kowane gida ya kawo nasa, a haɗa a tayar da abin da babu shi a da. Na san za a ce karo-karo da son rai ake yi, a nan kuwa dole ce, kuma mai karɓa ne ke nuna wanda yake so. Gaskiya ne, har ma kuɗin shigar nan tsofaffin ƙungiyoyin ne suka raba, ba sadaka suka yi ba. Amma duk wanda ya zauna taron unguwa ya san in an yanke cewa kowane gida zai ba da kaza don gyaran rijiya, ba mai zamewa. Karo-karon ma yana da tasa dolen.

Kuma kalmar tana jawo 'yan'uwanta. Waɗanda aka kare su ne 'yan mowa, waɗanda aka bari a fili 'yan bora. Su kansu 'yan wasan Vegas sun yi wa kansu laƙabi da Golden Misfits, ma'ana waɗanda ba a ga gurbinsu ba a gidajensu na da. Ku dubi William Karlsson: ya jefa 6 a raga a kakarsa ta ƙarshe a Columbus, ya zo Vegas ya jefa 43.

'Yan boran nan sun ci wasa 51 cikin 82, maki 109, suka zo na ɗaya a rukunin Pacific. A zagayen neman Kofin Stanley suka fitar da Los Angeles da San Jose da Winnipeg, sai a zagayen ƙarshe Washington Capitals ta kyaftin Alexander Ovechkin ta doke su a watan Yunin 2018, ta ci wasa 4 su suka ci 1. Kada a manta kuma, wasansu na farko a gida ya zo ne kwana tara bayan harbin 1 ga Oktoba 2017 a birnin. Suka yi shiru na daƙiƙa 58 don mutum 58 da aka rasa a lokacin, daga baya suka jingine riga mai lamba 58, ba mai sake sa ta.

Ga yadda jimlar ta fito mini: "A karo-karon 'yan wasa na 2021, sabuwar ƙungiyar Seattle Kraken ta ɗauki mutum 30, amma ba a taɓa Vegas ba." Malamai da 'yan jarida masu sashen wasanni, ku karanta ta a baki ku gaya mini ko ta zauna. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ina son in ji ko karo-karo na da wannan ma'anar a wajenku, ko kuna da wadda ta fi ta.