Tambaya: ta yaya zan auna matsin da ke cikin gilashin tamfad?

Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina aikin kammala digiri a nan Kano kan gilashin tamfad (gilashin da aka ƙara wa ƙarfi ta hanyar gasawa da sanyayawa da sauri), na cije a wuri ɗaya.

Abin da na fahimta: ana gasa gilashin har zafinsa ya kai wajen digiri 620 a ma'aunin Celsius, sai a hura masa iska mai sanyi. Fatar waje ta riga daskarewa, cikin ya biyo baya yana jan ta, sai fuskokin biyu su zauna a matse, tsakiya kuma a ɗame. Ƙa'idar ingancin gilashi ta Amurka, ASTM C1048, ta ce matsin fuska kada ya gaza megafaskal 69 (megafaskal ma'aunin matsi ne).

Na'urar auna matsin gilashi da haske, irin su SCALP ko GASP, ba ta samuwa a hannuna, kuɗinta ma ba a magana. Sai na ɓare ledar tace haske daga allon matacciyar kwamfuta, na sa gilashi mai kaurin milimita 6 tsakanin leda biyu. Bakin gilashin ya fito da launuka raɗau, amma tsakiya sai 'yan tabo-tabo, ina zaton sawun bututun iska ne. Zargina shi ne haske na ratsa matsi da ɗamewa tare, suna cinye juna. To ta ina zan ciro adadin matsin fuska?

Na biyu, lissafina a kwamfuta na ɗauki gilashin kamar ya daskare lokaci guda. Dole ne sai na shigar da tsarin Narayanaswamy na 1971, mai lissafa yadda gilashi ke sauyawa a hankali yayin sanyaya, ko wannan nawa ya isa?

Wani maigidana mai haɗa tagogin alminiyam ya ce in fasa kawai in ƙirga ɓarɓashin cikin murabba'i mai santimita 5 tsawo da 5 faɗi, in ya kai 40 shi ke nan. Akwai amintacciyar hanyar mayar da wannan ƙirgen zuwa megafaskal? Allah ya saka da alheri.