"Tsoro na daji, kunya na gida": idon wa Bahaushe yake gudu?

Ɗan Rafindadi:
Assalamu alaikum jama'a. Ga wadda na kawo mana yau: "Tsoro na daji, kunya na gida." Yadda na taso na ji ana fassara ta, kowane wuri da abin da ke tsare mutum a cikinsa. A daji ba wanda ya san ka sai kura da maciji da ɗan fashi, tsoro ne ke sa ka shiga taitayinka. A gida ba kura, amma ga idon iyaye da surukai da 'yan majalisar ƙofar gida, sai kunya ta karɓi aikin. Abin da ya ɗaure mani kai, yabon kunya aka yi a nan ko asirinta aka tona? In dai ta gida ce, ke nan wanda ya hau motar Legas ya bar tasa a zaure sai ya dawo? Sannan ina aka ajiye tsoron Allah, tunda shi ba ruwan shi da daji ko gida? Manya a buɗe mana.

Jikan Maharba, Daura:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mu ba haka muka gaje ta ba. A bakin mafarauta magana ɗaya ce, ba biyu ba: wanda ya ji tsoro a daji, kunya na jiran shi a gida. In aka fita farautar rani, rigima ta ɓarke tsakanin 'yan garinku da na wani gari a kan wa ya fara jifar nama, kai kuma ka ranta a na kare, to labarin zai riga ka isowa. Makaɗi ya sa ka a kiɗa, 'yan mata su sa ka a waƙar gaɗa, ƙannenka su daina leƙa dandali. Da yawan waɗanda ake yi wa kirarin jarumta ba zuciya ce ta tsayar da su ba, "me za a ce" ne ya ɗaure masu ƙafa.

Tsohon Malamin Hausa, Masanawa:
Ku duka biyu kuna kan hanya, na ji ana amfani da ita ta kowace fuska. Uwa takan faɗa wa ɗiyarta da za a kai ɗakin miji da ma'anar farko, wato gidan miji ba wurin tsoro ba ne, wurin kara da kawaici ne. Dattijo kuma yakan faɗa wa saurayin da zai yi tafiya da ma'ana ta biyu. Amma ku lura, ta ko'ina aka juya ta alƙalin ɗaya ne: mutanen garinku. Bahaushen da ya yi wannan magana yana zaune ne a garin da kowa ya san kakan kowa. A cikin ganuwar Katsina, daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Guga, in ka yi abin assha da hantsi, kafin azahar an kai wa mahaifinka. Kunya a lokacin hukuma ce mai zaman kanta, ba ta da ɗan doka amma tana kora mutum daga gari.

Abu Sumayya, Sabuwar Unguwa:
Baba Malam, da girmanka, ni wannan karin magana ba ta kwanta mani ba. Duk abin da aka yi ko aka bari don idon mutane sunansa riya. Allah Ya siffanta wasu mutane a Suratun Nisa'i aya ta 108 cewa suna ɓoyewa daga mutane amma ba sa ɓoyewa daga Allah, alhali Yana tare da su. A Ma'ida aya ta 44 kuma Ya ce kada ku ji tsoron mutane, ku ji tsoro Na. Tarbiyyar "kada a gan ka" ita ta haifar mana da mutumin da ke sahun farko a masallacin unguwa, in ya sauka a wani gari kuwa ka rantse ba shi ba ne. Ya kamata mu daina koya wa yara irin waɗannan maganganu.

Limamin Zaure:
Ɗana, sannu da ƙoƙari, ayoyin da ka kawo haka suke. Amma ka ɗan sassauta. Riya ita ce ka yi ibada don a yabe ka. Barin abin kunya don kada a gan ka a kai wani abu ne daban, kuma Musulunci bai zubar da shi ba. Buɗe Arba'una Hadisi da ka haddace a Islamiyya. Hadisi na 20 cewa ya yi in ba ka jin kunya to aikata abin da ka ga dama. Na 27 kuma ya bayyana zunubi da abin da ya yi maka ƙaiƙayi a rai, ka ƙi son mutane su tsinkaye shi. Ka gani, an sanya ƙin a gan ka a cikin alamomin da zuciya ke gane laifi da su. Ga kuma wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa kunya reshe ce daga imani. Reshe aka ce, ba a ce ita ce gindin ba. Wanda ya tsaya a kunyar mutane kaɗai bai isa ba, amma wanda ya yar da ita yana cewa shi Allah kaɗai yake tsoro, sau da yawa in ka bincika ba ya tsoron kowa ne.

Abu Sumayya, Sabuwar Unguwa:
Allah shi gafarta Malam, na karɓi hadisan. Sai dai yarinyar nan mai sayar da madara a zamanin Sayyidina Umar, da uwarta ta ce ta ƙara ruwa tunda Umar ba ya ganin su, ai ba cewa ta yi maƙwabta za su ji ba. Cewa ta yi in Umar ba ya gani, Ubangijin Umar na gani. Cikin dare ne, cikin ɗaki, ba ido ko ɗaya. Wannan nake so a koya wa yaro tun farko.

Mai Awo, kasuwar Charanci:
Ku bar ni in shigo da ta kasuwa, don a nan ake gane wa ke tsoron wa. Akwai mai mudu biyu. Ɗaya lafiyayye, shi yake fitarwa in ɗan gari ya zo, ko wanda ya san zai iya tara mashi jama'a. Ɗayan an ɗan bubbuge gindinsa ya shige ciki, ba ka gane wa sai ka kife shi ka shafa da hannu. Wannan na baƙo ne da yaron da aka aiko. In ya cika maka sai ya yi ta tula hatsi a sama har yana zuba, kai kana murna an yi maka gyara, alhali a ƙasa aka cinye ka. Ranar Juma'a kuma kafin liman ya hau mumbari ya shimfiɗa dardumarsa.

Bashi ma haka yake. Ku duba da kyau, bashin da ake fara biya shi ne na mai baki, wanda zai iya tsayawa a ƙofar shagonka ya ɗaga murya. Gwauruwar da ta ba ka jarin marayunta ka juya, wadda kunya ba za ta bar ta ta zo kasuwa ta yi maka tijara ba, ita ce ta ƙarshe a lissafi. Da tsoron Allah ne ke aiki da ita za a fara sallama. Shi ya sa ni a wurina karin maganar ba umarni ba ce, hoton halinmu ne aka ɗauka.

Maman Ilham, Ƙofar Marusa:
Duk maza ne ke ta magana, alhali nauyin kunyar nan mu mata aka ɗora wa. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ku je Babbar Ruga, nan kan hanyar Batsari, inda ake yi wa mata aikin yoyon fitsari. Likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru da dama yana wannan aiki a can, kuma ciwo ne da ake warkewa. Amma kafin mace ta iso, sau nawa ta ɓoye kanta a ƙuryar ɗaki tana shanya zannuwa da dare don kada kishiya ta gani? Asalin ciwon ma mafi yawa doguwar naƙuda ce, kuma cikin abin da ke tsawaita ta har da kunya: yarinya mai cikin fari, an koya mata ba a kuka, ba a faɗa wa suruka ana jin ciwo, sai ta yini ta kwana tana cije baki. Wannan kunyar wa ta amfana?

Mu da ke kunyar kiran sunan ɗan fari, ban ce a bar wannan ba, ado ne. Amma Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Ina ga ta lafiya ma haka ne.

Hajiyar Daura:
Maman Ilham kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi. Ƙara da kayan ɗaki da gara. Uba ya sayar da gonar gado, uwa ta ci bashin adashe uku, ba don yarinya na buƙatar kujeru saiti biyu ba, sai don 'yan ganin ɗaki. Su shigo su buɗe kabad, su ƙirga tukwane, su ɗaga katifa su ga kaurinta, su fita suna taɓe baki ko da me aka zuba. Bayan wata shida mai bashi na sallama a ƙofar gida, su kuwa 'yan ganin ɗakin suna gidan wani bikin. Ba wanda zai ce maki Allah ne Ya ɗora mata wannan, cewa za ta yi "ina zan sa kaina a dangi."

Ɗan Batsari:
Ni dai rabin farkon maganar ne ya tsaya mani a wuya. Tsoro na daji? Wannan da ne. Mu da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, tsoro ya daɗe da baro daji ya shigo har tsakar gida. A watan Disamba na 2020 ɗalibai sama da 300 aka kwashe daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, ba a daji aka same su ba. Abin da ya fi ciwo, masu kai wa ɓarayin daji rahoto a cikin gari suke, ana sallah tare, ana zaman makoki tare. Su kunyar gidan ma ta ƙare masu.

Jikan Maharba, Daura:
Allah Ya kawo mana ƙarshen abin, ɗan'uwa. Amma ka ga fassararmu ta mafarauta tana nan da ranta a yankinku. Saurayin da ya shiga aikin sa-kai yana kwana a bakin gari da bindigar toka, tambaye shi, zai ce ba zai iya haɗa ido da mutane ba in aka ce ya gudu ya bar iyayensa.

Bakatsiniya a Abuja:
Ni ina ganin wayar hannu ce dajin yanzu. Yaron da ba ya iya ɗaga ido ya dubi kawunsa, in ya buɗe shafi da sunan bogi a Facebook ko TikTok sai ka ga yana zagin sa'an kakansa. Yana kwance a ɗakin uwarsa, amma ya san ba mai gane shi. Ranar da aka gano mai shafin kuma sai kuka da "sharrin shaiɗan ne." To shaiɗan ɗin bai zo ba sai da aka ɓoye suna?

Ɗan Rafindadi:
Wannan ta tuno mani da 'yar'uwarta: "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah." Baba Malam, a nan fa an ambaci tsoron Allah ƙarara. Amma in an duba lokacin da ake faɗin ta, sai an kama wani, ko asirin wani ya tonu, ko mai mulki ya faɗo. Anya tsoron Allah ne, ko tsoron kada a yi da kai yadda aka yi da wane?

Tsohon Malamin Hausa, Masanawa:
Tambaya mai kyau. A asali wa'azi ce: ka ga yadda Allah Ya yi da wanda ya fi ka ƙarfi, ka shiga hankalinka. Alƙur'ani ma ya yi ta cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata. Sai dai a bakin mutanen yanzu takan zo da ɗan murmushi a ciki, ana faɗin ta ana jin daɗin faɗuwar wanen. Wanda kuma ya ji ta, darasin da yakan ɗauka shi ne ya ƙara iya ɓoyewa. Mai mudun da aka ba mu labari, in aka kama maƙwabcinsa gobe, ba mudun zai gyara ba, wurin ajiye shi zai sauya.

Abu Sumayya, Sabuwar Unguwa:
To Baba ai ka dawo kan maganata ke nan.

Limamin Zaure:
Bai dawo ba, ɗana. Kai cewa ka yi a daina koya wa yara kunyar mutane. Yaro ɗan shekara 6 bai san hisabi ba tukuna, amma ya san fuskar uwarsa in ta ɓaci. Da wannan ake riƙe shi har hankalinsa ya kai ga wancan. Laifinmu shi ne mukan bar shi a nan har ya yi furfura. Kullum "kada mutane su ji," ba a taɓa ce mashi "ko ba wanda ya ji ba."

Maman Ilham, Ƙofar Marusa:
Allah shi gafarta Malam, to a riƙa faɗin haka a wa'azin ɗaurin aure da na suna, inda mazan suke. Mu a asibiti sai abu ya lalace muke ganin su. Kuma a gaya wa surukai mata cewa yarinya in ta ce tana jin ciwo ba rashin kunya ta yi ba.

Mai Awo, kasuwar Charanci:
Hajiyar Daura, ban ji kin ce komai ba kan lefe. Mu iyayen maza ma fa ana ƙirga mana akwati.

Hajiyar Daura:
Alhaji, ku ne ke fara aiko da saiti shida kuna so a ce kun isa. Ka rage na ɗanka zuwa biyu, ni kuma in rage kujerun, mu ga wanda danginsa za su fara kiran shi a waya.