Mai albashi a Legas zai iya tara kuɗin babbar jami'a kuwa?

Akanta a Apapa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya, maiɗakina malamar firamare ce, muna haya a Agege da yara huɗu. Babbar 'yarmu tana SS1, kanta na ja sosai, injiniya take son zama. Tun 2019 nake ware mata wani abu duk wata, lokacin dala tana ₦360. Yanzu kuɗin sun kai miliyan shida. A lissafin wancan lokaci sun haura dala 16,000, yau ko 5,000 ba su kai ba. Tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, mai gida ya ƙara haya, kuɗin mota zuwa Apapa ya ninka, abin da nake warewa ya ragu. Na fara cire rai da tura ta karatu Ingila. Ko jami'o'in kuɗi irin su Covenant a Ota da Pan-Atlantic a Ibeju-Lekki miliyoyi ake biya duk shekara, ga ƙanne uku na tafe. Don Allah akwai mai albashi irina da ya taɓa tara irin wannan kuɗi ya isa? Abin yana hana ni barci.

Hajiya mai atamfa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kar ka bar kuɗin nan kwance a asusu, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, cinye su take yi. Ni gwal nake saya kaɗan-kaɗan idan na kwashi adashi. In kana gudun riba akwai Sukuk, takardar zuba jari irin ta Musulunci ta Gwamnatin Tarayya, tun 2017 ake fitar da shi, da ₦10,000 ma ana shiga. Amma ka ji tsoron Allah kan ƙannenta. Kar a zuba komai kan ɗaya a bar uku suna kallo.

Ɗan Idi-Araba:
Baba, manyan jami'o'in Amurka ba da tarin albashi ake shiga ba, ko Ba'amurke mai matsakaicin ƙarfi tallafi yake nema. Harvard ta sanar a 2025 cewa iyalin da kuɗin shigarsu bai wuce dala 100,000 a shekara ba, ɗansu ba zai biya ko sisi ba, har abinci da masauki. Ita da MIT da Yale da Princeton ba sa duba aljihun uba kafin su ɗauki ɗalibi, ko daga ina ya fito. Wahalar a shiga take: cikin masu nema ɗari, waɗanda ake ɗauka ba su fi biyar ba, ga biza da ta yi tsauri. Ku je EducationUSA a nan Legas, suna ba da shawara kan karatu a Amurka. Ka kashe mata kan SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in Amurka, da littattafai da malamin lissafi tun yanzu, WAEC ɗinta ta fito fes.

Malamin sakandare, Mile 12:
Ni dai UNILAG nake ba iyaye shawara. An ƙara kuɗinta a 2023, amma har yanzu dubbai ake magana. Bashin karatu na Gwamnatin Tarayya, wato NELFUND, ma ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai yake ɗauka. In ta fito da sakamako mai kyau sai ta nemi tallafin karatu na Chevening ta yi digiri na biyu a Ingila.

Akanta a Apapa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, yajin aikin ASUU ne ya kore ni daga wannan tunani. Wata takwas cur ɗan yayana ya yi a gida a 2022, har ya koma tsaron shago. Hajiya, maganarki ta shige ni, daren nan zan zauna da maiɗakina mu raba kuɗin gida huɗu a takarda mu ga abin da ya rage wa babbar. Ɗana na Idi-Araba, a wane aji ya kamata ta zauna SAT ɗin, SS2 ko SS3?