Kuskuren lokacin Isha'i ko rubutun Ajami: wanne za mu fara da shi?

Malam Bashir (Jidda): Assalamu alaikum. Ina nan a kan bakana cewa manhajar da 'yan sa-kai ke riƙe da ita, da zarar ta daina kawo sabon abu, masu taimako za su watse. Mu huɗu ne kacal muke rubuta wannan manhaja ta lokutan salla bayan an tashi daga aiki, kuma rubutun Ajami da dattawa ke ta roƙo shi ne zai jawo mana sababbin hannuwa.

Injiniya Sani (Madina): Wa alaikumus salam. Yaya Bashir, a nan kam ban bi ka ba. A azumin bara wani dattijo maƙwabcina ya miƙo mini wayarsa a ƙofar masallaci, ya nuna mini da yatsa cewa manhajarmu ta sanar da Isha'i tun saura rabin awa a kira salla. A lissafin Ummul Ƙura da ake bi a Saudiyya, Isha'i tana shiga minti 90 bayan Magariba, amma a watan Ramadan minti 120 ne, mu kuwa muka bar ta a kan 90. Har yau rahoton wannan kuskure yana nan ba wanda ya taɓa shi.

Hajiya Rabi (Makka): Ina goyon bayan ƙanena Sani, domin sabon abu ma yakan zo da nasa ciwon. Ɓarakar tsaro mai suna Heartbleed da aka gano a 2014 a OpenSSL, manhajar da ke kare sirrin bayanai a intanet, ta shigo ne ta wani ƙari da aka fitar a 2012, ta Log4j kuma, manhajar da ke rubuta bayanan abin da wasu manhajoji ke yi, a Disambar 2021 ta fito daga wani ƙari da aka yi shekaru kafin nan, kuma mutane ƙalilan ne suka kwana suna toshe ta.

Malam Bashir: Gaskiya ne, Hajiya, amma gyara aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a yaba wa mai yinsa, kuma ba mu da albashin da za mu tilasta wa kowa.

Injiniya Sani: Shi ya sa masu rubuta Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suke buɗe ƙofar sababbin abubuwa mako biyu kawai, sannan su shafe kusan mako bakwai suna gyara zalla. Ni zan ɗauki batun Isha'i a daren nan. Yaya, ka riƙe aikin Ajami a gefe, kada ka haɗa shi da manhajar, har sai Hajiya ta gwada gyaran.