Kwamfutar makarantarmu tana ɗaukewa da kanta, kuma tana manta kwanan wata

Malamin Islamiyya, Bolari, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda Allah ya hore wa sanin kwamfuta. Muna da kwamfutar tebur a ofishin makarantarmu, ta hannu ce muka saya shekara bakwai da suka wuce, Windows 7 ne a kanta, ram ɗinta kuma gig 2 ne. Da ita muke buga takardun jarrabawa, kuma sunayen ɗalibai da sakamakonsu duk a cikinta suke. Tun bayan hunturun bana ta sauya hali. Fankarta tana ƙugi kamar injin markaɗe, idan aka yi minti ashirin ana aiki sai ta ɗauke ɗif, musamman bayan azahar da zafi ya tsananta. Kowace safiya kuma sai mun gyara kwanan wata, domin komawa take yi Janairun 2010. Kwanan nan na fara jin wani ƙas-ƙas daga cikinta idan ana buɗe fayil. Wani yaro ya ce a yi mata fomatin, amma hankalina bai kwanta ba, ga shi jarrabawa saura mako uku.

Mai gyara, kusa da kasuwar Wunti, Bauchi

Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kada a yi fomatin ɗin nan, domin cuta uku ka lissafa kuma babu wadda zai warkar a cikinsu, sai dai ya tafi da sakamakon yara. Wannan ƙas-ƙas ɗin shi ya fi tayar mini da hankali. Faifan ajiya irin na da yana da faranti da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da ɗan hannu mai karanta abin da ke kansa, idan hannun ya fara bugawa haka to faifan yana bankwana ne, kuma ba ya sanar da ranar tafiyarsa. Gobe da sassafe, kafin ta ɗauki zafi, a kwashe dukkan takardun a zuba a filash biyu, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya ka tafi da shi gida.

Ɗaukewar kuwa zafi ne, ba lalacewa ba. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana kashe kanta idan zafinta ya kusa digiri 100 don kada ta ƙone. A zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, a fita da ita waje, a kwance murfin gefe, sannan ka taɓa ƙarfen jikinta kafin ka taɓa komai a ciki. A ƙarƙashin fanka akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar matsefi. Ina kyautata zaton za ka tarar ƙurar hunturu ta dunƙule a tsakaninsu kamar auduga. A kaɗe ta da busasshen burushin fenti, a hura da bulowa, amma a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma kada su kusanci wurin. Idan an yi haka ba ta daina ba, man da ke tsakanin firosesa da wannan ƙarfe ya bushe, sai mai gyara ya goge shi ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake.

Kwanan wata shi ne mafi sauƙi. Akwai batir mai kama da kwabo a kan babban allon ciki, lambarsa CR2032, bolt 3 ne, kuma masu gyaran agogo suna sayar da shi.

Mai shagon buga takardu, Jekadafari, Gombe

Malam, abin da mai gyara ya faɗa game da kwashe takardu ka ɗauke shi da muhimmanci, domin ni na ɗanɗana. Na ji irin wannan ƙarar a tawa na yi ta cewa sai an samu sarari, ranar da ta ƙi tashi akwai kundin kammala karatu na ɗalibai biyu a ciki, haka na zauna dare uku ina sake bugawa daga rubutun hannu. Abin da zan ƙara shi ne maganar wuta, wadda a ganina ita ce ke kashe yawancin faifan da ke mutuwa a wajenmu. Duk lokacin da wuta ta ɗauke faifai yana tsakar rubutu, akwai yiwuwar ya samu rauni. A sa mata sitabilaiza, idan da hali a haɗa da UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta bayan an ɗauke, ko da mai riƙe minti goma ne, don a samu a adana aiki a kashe ta yadda ya kamata. Idan za a tayar da janareto a zare ta tukuna, sai muryarsa ta daidaita. A ɗauke ta daga ƙasa a ɗora a kan tebur, a bar tazara tsakaninta da bango, kuma a riƙa rufe ta da zane bayan an tashi, amma ba tana kunne ba. Idan akwai wani ɗan jan makunni a bayanta mai rubutun 115 da 230, a ja wa yara kunne kada su taɓa shi. Wutarmu 230 ce, 115 na ƙasashe irin su Amurka ne, idan aka mayar da shi can nan take za ka ji ƙauri.

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta, Yalwa, Bauchi

Ranka ya daɗe, tunda dai faifan zai fita, a maye gurbinsa da SSD, sabon nau'in ma'ajiya wanda ba shi da abin da ke juyawa, kuma yana shiga mahaɗar SATA ɗin da tsohon ke amfani da ita. A ƙara ram ya kai gig 4, amma a cire tsohon a tafi da shi kasuwa, domin ram iri-iri ne, kuma DDR2 da DDR3 ba sa shiga gurbin juna. Sai dai ina da damuwa da Windows 7, domin Microsoft ya daina aiko masa da gyaran tsaro tun 14 ga Janairu, 2020, na Windows 10 ma ya ƙare 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma wannan ba za ta ɗauki Windows 11 ba. Ni da Linux Mint zan sa mata a madadin Windows, kyauta ne kuma ba shi da nauyi.

Mai gyara, kusa da kasuwar Wunti, Bauchi

Maganar SSD daidai ce, ƙanena, amma ban goyi bayan sauya musu tsarin da suka saba da shi ana saura mako uku jarrabawa ba, kuma ba mu san ko firintarsu za ta yi aiki da shi ba. Tunda buga takardu ne aikinta, a raba ta da intanet, a kuma hana kowa soka mata filash ɗin da ya yi yawo a shaguna. Idan an yi hutu sai a gwada naka a natse.

Malamin Islamiyya, Bolari, Gombe

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun kwashe takardun a filash biyu, sannan muka buɗe ta bayan asuba, ƙurar da ta fito ta kusa cika tafin hannuna. Jiya ta yi awa huɗu tana aiki ba ta ɗauke ba, kwanan wata ma ya zauna tunda aka sa sabon batir. Ƙas-ƙas ɗin yana nan, don haka na kai maganar SSD gaban kwamitin makaranta, kafin su zauna kuma kullum da yamma ina sake kwafe abin da aka buga a ranar.