Don Allah a taimaka mini da lambar 33550336

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu sha'awar lissafi. Ni ɗalibi ne a lise a nan Damagaram, kwana uku ke nan wannan lamba ta hana ni sakat.

Malaminmu ya ce mu nuna cewa 33550336 cikakkiyar lamba ce, wato idan aka tara duk lambobin da ke raba ta, ban da ita kanta, sai a sake samun ta. Da 6 abin wasa ne: 1 da 2 da 3. Haka 28 da 496 da 8128. Wannan ita ce ta biyar.

Na yi ta raba ta da 2 har sau 12, ya rage 8191. Idan 8191 ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, masu raba 33550336 guda 26 ne, ƙa'idar Yukilid ta samar da cikakkun lambobi kuma ta gama aikin. To nan na maƙale. Na ji tsoro ne saboda 2047, wadda ke da irin siffar 8191 (idan aka ƙara mata 1, sai ta yi ta rabuwa da 2 har a kai 1), ashe 23 sau 89 ce.

Yayana da ke Zango ya ce in gwada raba 8191 da 53 da kuma 79 kawai, sun isa. Na gwada, ragowar 29 da 54, babu wadda ta raba ta. Amma dalilin fa? Ya ce ya manta, ya hau babur ya tafi.

Me ya sa ba sai na bi lambobi 24 marasa rabuwa da ke ƙasa da 90 ba (91 sau 91 ya riga ya wuce 8191)? Ranar Litinin za a karɓi aikin. Allah ya saka da alheri.